Amsoshin Tambayoyinku: Burin Sabuwar Shekara a Maraɗi

Wata mai sauraro daga Tibiri, garin Sarkin Gobir, ta tambaya: yaya mutum zai ɗaura niyyar sabuwar shekara ba tare da ta watse kafin wata biyu ba?

To malama, amsar tana nan kusa da gida. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Mata kan taru kowane mako, kowace ta zuba abin da ta iya a asusu, mai bukata ta ranta, ta biya da ɗan riba. Da wannan wasu suka sayi jar akuya, wasu suka ja jarin ƙuli-ƙuli. Sirrin shi ne ƙaramin zubi mai rana tsayayya, da idon abokan zubi.

Manomin zogale a Jiratawa ma haka yake: ranar ban ruwa ba ta ɗaguwa.

Harkar gida kuwa, a ware kuɗin makaranta da hatsin bazara tun kaka, lokacin da gero ke araha. Godiya kuma a kai ta da ƙafa, gidan iyaye da na maƙwabcin da ya taimaka bara.

Masu sauraro, a ci gaba da aiko da tambayoyi.