Darasi: Yadda Falke Zai Tsara Ayyukansa a Kwamfuta

Darasinmu na wannan fitowa a kan mantuwa yake. Duk wanda ya taɓa ɗauko shanu daga Maraɗi ko Damagaram ya san abin da ke kansa kafin mota ta tashi: takardar likitan dabbobi, kuɗin duwan, la'adar dillali, harawa, ga direban tirela yana jiran kafin alƙalami. Ɗaya ya kuɓuce, sai shanu su kwana biyu a bakin iyaka suna rama, ribar ta zube a hanya.

Da can littafi ne da alƙalami, kuma har gobe ba mu ce a yar da su ba. Amma littafi ba ya ƙara ya tuna maka. Manhajar ofis kuwa tana yi.

Na farko, inda ake rubuta ayyuka. A cikin Outlook akwai sashen da ake kira Tasks, a ta Faransanci Tâches. Haka kuma a 2017 kamfanin Microsoft ya fito da To Do, kyauta ce, tana aiki a kwamfuta da wayar hannu. In ka shiga da asusu ɗaya, abin da akawun ƙungiya ya rubuta maka a ofis za ka gan shi a wayarka kana cikin kara, muddin akwai intanet.

Na biyu, yadda ake rubutawa. Kada ka rubuta "tafiya Maigatari" ka tsaya nan. Wannan ba aiki ɗaya ba ne. Rarraba shi: kiran dillali, canjin sefa zuwa naira, karɓo takardar lafiyar dabbobi, biyan mota. Kowanne ka sa masa rana, ka sa masa lokacin tunatarwa. Tunda Maigatari Alhamis take ci, takarda ta zama aikin Litinin, ba na daren Laraba ba. Abin da ke dawowa duk mako, kamar kasuwar Mai'aduwa ta Lahadi, sau ɗaya za ka rubuta, ka zaɓi maimaitawa. Masu zuwa Kumasi su lura: agogon Gana yana bayan na Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru da awa 1.

Na uku, kowace safiya bayan asuba ka buɗe shafin My Day, wato Ma journée, ka ɗauko ayyuka 4 ko 5 na ranar. Shafin yana wayar gari fanko, amma aikin da ba ka gama ba yana nan a jerinsa. Wanda ka gama, ka danna ɗan da'irar gefensa.

To, in ka rikice fa? Ba sai ka nemo yaron shago ka biya shi ba. Malamin yana ciki. Manyanmu za su tuna ɗan zanen nan mai idanu da ya zo da Office 97, wanda aka cire a Office 2007. Ya tafi, amma taimakon bai tafi ba. A Word ko Excel, danna F1, shafin taimako zai buɗe. Tun daga Office 2016, in ka danna Alt da Q tare, zai kai ka akwatin nema, ka rubuta abin da kake so da Turanci ko Faransanci, gwargwadon harshen manhajarka. Kalma biyu ta isa. In kuma wani maɓalli ne ba ka gane ba, ɗora kibiya a kansa ba tare da dannawa ba, sunansa zai fito. Sai dai taimakon F1 na sabbin Office yana bukatar intanet, don haka ka koyi abinka a gari kafin ka shiga daji.

Gargaɗi ɗaya. Ana iya raba jeri da yaronka ko abokin haɗin gwiwa, amma duk wanda ka sa yana gani, yana kuma iya canzawa. Kada ka zuba sirrin kuɗinka a can. Bashi kuwa, tunatarwa ta waya ce, hujja ta takarda ce da shaidu.

Aikin gida: kowa ya rubuta ayyukan tafiyarsa ta gaba, ya sa wa kowanne rana. Allah ya kiyaye hanya, amin.