Sanƙarau Bai San Iyaka Ba: Darasi Kan Haƙƙin Ilmi Da Haƙƙin Magana

Duk wanda ya tsaya a Mazanya, cikin ƙasar Jibiya, ya fuskanci arewa, to ƙasar Nijar ya ke kallo. Fatake da 'yan biki da masu neman magani kullum suna kai da kawowa tsakanin Katsina da Maraɗi. Ma'aikatan iyaka suna iya tsai da mota su bincika kaya, amma ba wanda ya taɓa tsai da ciwon sanƙarau. In hunturu ya kama har zuwa bazara, yakan bi mutane duk inda suka sa gaba. Saboda haka ba ƙasar da za ta iya yaƙi da shi ita kaɗai.

Alkawarin da ƙasashe suka ɗauka

Ran 10 ga Disamba, 1948, Majalisar Ɗinkin Duniya ta zauna a birnin Paris ta amince da takardar haƙƙoƙin ɗan Adam. Sashe na 19 ya ba kowa ikon faɗin ra'ayinsa, da neman labari, da isar da shi ko da a ƙetaren iyaka. Sashe na 27 kuwa ya ba kowa rabo cikin amfanin ilmin kimiyya. Cikin 1966 aka ƙara wata yarjejeniya wadda ta hana a gwada magani a jikin mutum sai da yardarsa. Nijar ta shiga cikinta a 1986, Nijeriya kuma a 1993.

Abin da ya faru a Kano

Cikin 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum wajen 25,000 a Afirka. Ana cikin haka kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani, Trovan, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa cikin gwajin, wajen rabinsu aka ba sabon maganin, sauran aka ba wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu, kuma ciwon ne ya kashe yaran. Sai a 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Cikin 2003 jita-jita ta bazu cewa maganin rigakafin shan inna yana hana haihuwa, har Jihar Kano ta dakatar da shi. Cutar kuwa ta ƙetara zuwa Nijar, ta bazu cikin ƙasashe wajen 20. Da aka tashi gyara, sai aka naɗa masana suka auna maganin, aka saurari malamai da sarakuna, aka kawo wanda aka yi a Indunusiya, sa'an nan aka koma rigakafi a watan Yuli, 1994 da shekara goma, watau 2004. A watan Agusta, 2020, aka ba da shaida cewa shan inna na daji ya ƙare a Afirka.

Amfanin haɗa kai

Cikin 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa kai da ƙungiyar PATH domin a sami allurar sanƙarau da talaka zai iya samu. Wani kamfani a Indiya ya yi ta, kuɗin kowace ɗaya bai kai rabin dala ba. Sunanta MenAfriVac. A Disamba, 2010, aka fara yin ta ga jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar, a 2011 kuma ta iso Nijeriya. Irin sanƙarau da a ke kira A ya kusan ɓacewa. Amma wani iri, C, ya ɓarke a Nijar cikin 2015, ya auka wa Zamfara da Sakkwato da Katsina cikin 2017. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai tare iri biyar.

Abin da ya kamata a riƙe

Haƙƙin nan biyu ɗanjuma ne da ɗanjummai. Magani ba ya amfani in mutane ba su yarda da shi ba, ba su kuwa yarda sai an bar su sun yi tambaya an ba su amsa ta gaskiya. Uba yana da iko ya tambayi malamin asibiti sunan allura da amfaninta. Wajibi ne kuma a kansa kada ya yaɗa abin da bai tabbatar ba. In an ga yaro da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, wuyansa ya sandare, a kai shi asibiti nan da nan, a kuma sanar da mai unguwa.

Tambayoyi

1. Me Sashe na 19 da na 27 suka ba kowane mutum?
2. Don me dakatar da rigakafi a Kano ya shafi mutanen Maraɗi?
3. Ta wace hanya aka shawo kan jama'a a 2004?