Cunkoso da Talauci a Gidajen Hayar Baƙi a Birnin New York

Gabatarwa

Bunƙasar masana'antu a ƙarni na 19 ta jawo ɗimbin baƙi zuwa biranen Amurka. Mutanen Ireland sun kwararo bayan yunwar da ta afka wa ƙasarsu a 1845, haka ma Jamusawa. Daga baya Italiyawa da Yahudawan gabashin Turai suka biyo sahu. Wannan darasi zai dubi irin muhallin da suka tarar a unguwar Lower East Side ta birnin New York, da yadda doka ta yi ƙoƙarin gyara shi.

Musabbabin Cunkoso

Baƙon da ya sauka daga jirgin ruwa ba shi da jari sai ƙarfinsa. Lada kaɗan ne, kuma dole ya zauna inda zai iya takawa da ƙafa zuwa wurin aiki. Fili kuwa ya yi tsada: fuloti guda faɗinsa ƙafa 25 ne, tsawonsa ƙafa 100. Domin cin riba, sai masu gidaje suka riƙa ɗora bene hawa biyar ko shida a kansa, suna cusa iyalai huɗu a kowane hawa. Gida mai lamba 97 a titin Orchard, wanda aka gina a 1863, ya ɗauki kimanin mutum 7,000 kafin a rufe ɗakunansa a 1935. A yau gidan tarihi ne.

Abin lura shi ne, talaucin da kansa yakan ƙara cunkoson. Iyalin da kuɗin haya ya fi ƙarfinsu sukan ɗauki 'yan haya a cikin ɗakinsu, wasu ma kwana kawai suke biya. Da rana ɗakin ya zama shagon ɗinki, mata da yara suna haɗa riguna ana biyan su bisa adadin abin da suka gama. Da dare a shimfiɗa katifu a ƙasa. Ɗakunan kwana na ciki ba su da taga. Ban-ɗaki yana bayan gida, na kowa da kowa. A irin wannan hali cutar kwalara da tarin fuka suka sami wurin zama.

Doka da Sakamakonta

Dokar 1867 ta tanadi matakalar tsira daga gobara da ban-ɗaki ɗaya ga mutum 20, amma ba a tsananta aiki da ita ba. Ta 1879 ta wajabta taga a kowane ɗakin kwana. A nan ne masu gini suka nuna wayonsu: sai suka bar ɗan siririn lungu tsakanin gida da gida, tagogin suna buɗewa a cikinsa. An cika sharaɗin doka, amma iska ba ta shiga ba. Lungun ya zama juji, wari yana tasowa, in gobara ta tashi kuma ta bi shi ta haye sama.

A 1890 Jacob Riis, ɗan jarida wanda shi ma baƙo ne daga Denmark, ya fitar da littafinsa How the Other Half Lives. Ya shiga ɗakunan da dare yana ɗaukar hotuna da hasken wuta, masu hali suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Sai dai wajibi ne malami ya ankarar da ɗalibai cewa Riis bai kuɓuta daga raina wasu ƙabilun da yake bayani a kansu ba. Dokar 1901 ce ta hana gina irin waɗancan lunguna, ta tilasta barin tsakar gida mai faɗi da ban-ɗaki a kowane sashe na sabon gida. Tsofaffin gidajen kuwa an ci gaba da zama a cikinsu shekaru da dama, domin su ne talaka ke iya biya.

Jinga

Me ya sa dokar 1879 ta kasa biyan bukatar da aka yi ta dominta? Tsara darasi na minti 40 da zai fahimtar da ɗaliban ƙaramar sakandare wannan batu.