Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Da Baki a Makarantar Firamare?

Saƙonmu na yau ya fito daga Malama Hajara a Funtuwa, jihar Katsina. Ta ce an gayyace ta taron kwamitin kula da makarantar firamaren unguwarsu, ita kuwa ba ta yi boko ba. Shin tana da ta cewa? Kuma mene ne bambancinsa da ƙungiyar iyaye da malamai?

To, Malama Hajara, mun gode. Ƙungiyar iyaye da malamai, wato PTA, ta masu 'ya'ya a makarantar ce da malamansu. Shi kuwa kwamitin kula da makaranta, da ake kira SBMC, na al'umma ne baki ɗaya. A cikinsa akwai hedimasta, da wakilin mai unguwa, da malaman addini, da masu sana'a, da tsofaffin ɗalibai, da mata, har da wakilan yaran kansu.

Kwamitin ne ke lura ko malamai na zuwa aji, ya bi sawun yaran da suka daina zuwa, ya kai kukan rufin da ke yoyo ga hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma. Dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 ta ce karatun firamare kyauta ne a makarantun gwamnati, kuma kwamitin na iya tambaya in an ƙaƙaba wa iyaye kuɗi.

Batun boko kuma, kada ya dame ki. Ke kika san gidan da ake ɗora wa yarinya talla da safe, kuma ke ce za ki iya sallama ki shiga har ɗakin uwarta, inda hedimasta ba ya shiga. Ki halarci taron, Malama Hajara, ki tafi da maƙwabciyarki.