Amsoshin Tambayoyinku: Gyaran Gida Kafin Sayarwa

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya, wane gyara ya kamata ya yi wa gidansa kafin ya sa shi a kasuwa?

To Malam, ka fara da rufi, domin mai saye mai basira, tun bai ƙirga ɗakuna ba, idonsa na kan tabon yoyo da indararo da magudanar ruwa, balle idan damina ta gabato. Sa'an nan a yashe masai, a kwashe tarkacen tsakar gida, a shafe zaure da fenti.

Amma fa ka ji tsoron Allah, kada fentin ya zama mayafin tsagewar bango, gama malaman fiƙihu sun tabbatar ɓoye aibi algus ne, kuma a mazhabar Malikiyya mai saye yana da ikon mayar da gida ko karɓar ragi, gwargwadon girman aibin. In gidan gado ne da ba a raba ba, a shawarci sauran magada saboda haƙƙin shufa'a, wato fifikonsu wajen sayen kason da za a sayar. Dokar ƙasa ta 1978 kuma ta sharɗanta amincewar gwamna kafin sauya mallakar fili a birni.

Ka yanke la'ada da dillali tun farko, a gaban shaidu.