Sifirin da Sitiyari

Kai mai karatu, in ka ga babbar mota a Kademi tana jiran lodi za ta Kano ta Gaya da Wudil, leƙa ƙarƙashinta. Za ka ga ƙarafa falle-falle, an ɗora su bisa juna, an tanƙwara kamar baka. Sunansu sifirin. Su ke shanye jijjigar gargada.

Amma ba shi ke nan ba. Su ne kuma ke riƙe da gatarin gaba, watau ƙarfen da ya haɗa ƙafafun nan biyu da sitiyari ke juyawa. In an labta kaya ya wuce kima, babban falle ya karye, sai gatari ya goce. Sa'an nan mota ta fizga gefe guda, ko da direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu.