Mai Gadi da Albashin Jika 30: Me Doka Ta Ce?

Wani bawan Allah daga unguwar Kpangalam a Sokode ya aiko da tambaya. Shekara biyu yana gadin wani ɗakin ajiyar kaya, daga magariba har wayewar gari, ƙarshen wata a damƙa masa jika 30 (sefa 30,000) a hannu, babu takarda. Ya ce shi da bakinsa ya amince da kuɗin tun farko, to yana da bakin magana yanzu?

Malam, kana da shi. A Togo akwai albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke, wanda ake kira SMIG. Tun 2012 yana tsaye a sefa 35,000, har Shugaba Faure Gnassingbé ya sanar da ƙari a jawabinsa na ƙarshen shekarar 2022. Daga 1 ga Janairun 2023 ya koma sefa 52,500 a wata, bisa aikin awa 40 a mako. Kuɗin ɗaya ne a Lome da Sokode da Dapaong. Ko maƙwabciyarmu Benin sefa 52,000 ta sa a shekarar 2023, don haka kada wani ya ce maka abin ya wuce kima.

Amincewar da ka yi ba ta soke haƙƙinka ba. Yunwa ce ta sa ka ce to, kuma doka ta san haka, shi ya sa ba ta yarda a yi ciniki ƙasa da SMIG ba. Lissafa da kanka: kowane wata ana rage maka 22,500, a shekara 270,000 ke nan. Kuɗin makarantar yara ne da buhunan masara suke tafiya a banza, kuma abin yana ci mini rai, domin masu gadi da 'yan tsaron shago su ne suka fi yin shiru.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne hujja. Rashin yarjejeniya a rubuce bai hana a ɗauke ka ma'aikaci ba, amma sai ka nuna ka yi aikin. Daga yau ka sayi ɗan littafi, ka riƙa rubuta lokacin zuwa da tashi, da ranar biya, da abin da aka ba ka. In ta waya ake turo kuɗin, kada ka goge saƙon. Ka roƙi takardar albashi, ka kuma tambaya ko an yi maka rajista a asusun CNSS, don shi ne madogararka ranar tsufa ko in ka ji rauni a bakin aiki.

Ka fara da lalama. Samu maigidanka a keɓe, ko ka tafi da dattijon da yake jin nauyinsa. Wasu iyayen gida ba mugunta ba ce, labarin ƙarin ne bai kai gare su ba. In ya ƙi, ka nufi ofishin sufeton ƙwadago na yankinka. Sufeto zai kira ku biyu ya nemi sulhu, in abin ya faskara ya rubuta takardar da za ta kai maganar kotu.

Yaron da ke koyon ɗinki ko kanikanci hukuncinsa daban ne, ba shi muke nufi ba.

Kada ka ajiye aiki cikin fushi kafin ka ga sufeto, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba. Ka je da littafinka da katin shaidarka tun wannan makon.